Wai daga Kano zuwa Guangzhou kilomita nawa ne, kuma me ya sa ake kwana a hanya?

Sadiq_Kwari:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ina da tambaya ga masu zuwa Chana. Maigidana zai tura ni Guangzhou sarin kaya kuma ban taɓa fita waje ba sai Umara. Na duba a intanet na ga wai daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin Baiyun na Guangzhou kusan kilomita 11,000 ne, to amma mai yanka mana tikiti ya ce in shirya ma tafiyar da za ta haura awa 20, wata hanyar ma har kwana. Shi jirgi ba an ce yana gudun kilomita 900 a awa ba? Ai lissafin bai kai haka ba. Sannan ya ba ni zaɓi uku, ta Addis Ababa ko ta Alƙahira ko ta Doha. Ni dai na cire Alƙahira a raina don a taswira arewa take, Chana kuma gabas, ina dalilin da zan yi arewa sannan in dawo? Wacce ta fi kusa a cikinsu don Allah?

Alhaji_Mai_Atamfa:
Wa alaikumus salam. Yarona kar ka wahalar da kanka da kilomita, ba ita ake dubawa ba. Ka tambaye shi awa nawa za ka zauna a filin jirgin da za ku sauya, nan ne tafiyar take tsawo. Babu jirgin da ke tashi daga Kano ya dire Guangzhou kai tsaye, dole sai an yada zango.

Injiniya_Bash:
@Sadiq_Kwari lissafinka daidai ne, ba ka yi kuskure ba. In ka ja layi mafi gajarta daga Kano zuwa Guangzhou zai ba ka wajen kilomita 10,900 da ɗoriya, manyan jiragen nan kuma in sun daidaita a sama suna yin tsakanin 850 zuwa 900 a awa, kenan da akwai jirgi kai tsaye awa 12 da rabi zuwa 13 ta ishe ka. Abin da ya ƙaru shi ne wanda Alhaji ya faɗa, sauka da jira da sake tashi.

Amma maganar Alƙahira da ka cire, a nan ne taswira ta yaudare ka. Ga lissafin kowacce a taƙaice, ina zagaye lambobin ne:
Kano zuwa Addis kamar 3,300, Addis zuwa Guangzhou kamar 8,050, jimla wajen 11,350.
Kano zuwa Alƙahira kamar 3,100, Alƙahira zuwa Guangzhou kamar 8,000, jimla wajen 11,100.
Kano zuwa Doha kamar 4,750, Doha zuwa Guangzhou kamar 6,200, jimla wajen 10,950.
Ka gani? Alƙahirar da kake ganin baya ce ta fi Addis kusa, Doha kuma kusan a kan layin take zaune ɗas.

Sadiq_Kwari:
Ikon Allah. Injiniya ta yaya haka za ta yiwu? Na sake buɗe taswira yanzu, wallahi Addis ce a gabas sosai.

Injiniya_Bash:
Saboda duniya a dunƙule take ita kuma taswirar wayarka a shimfiɗe. Ka samu ƙwallo ka diga alama biyu masu nisa a jikinta, ka ɗauko zare ka ɗora a kan alamomin ka ja shi ya yi tsam, inda zaren ya kwanta nan ce hanya mafi gajarta. In da za ka iya ɓare fatar ƙwallon ka shimfiɗa ta a ƙasa za ka ga layin zaren ya lanƙwashe, bai miƙe ba. To Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, Guangzhou tana kan 23, layin da ya haɗa su sai ya gantsare ya yi arewa ya ratsa ƙasar Larabawa sannan ya gangaro. Shi ya sa in kana cikin jirgi kana kallon ɗan allon nan na bayan kujera za ka ga hanyar ta yi baka kamar matuƙin ya ɓata, alhali ita ce miƙaƙƙiya.

Ummu_Hanan:
Wannan bayanin ya warware min wani abu da ya daɗe yana damuna. Ƙanwata tana aure a Amurka wajen New York, da ta ce min alƙiblarsu arewa maso gabas take kallo sai da muka yi musu, na ce ai Makka kudu take da ku ko a taswira. Ashe abin ɗaya ne.

Malam_Habu_Zariya:
Haka ne Hajiya, abin ɗaya ne. Masallatan can arewa maso gabas suke fuskanta saboda ita ce hanya mafi kusa zuwa Ka'aba in aka bi jikin duniya yadda take. Kai kuma Sadiƙu in ka isa ka sani alƙibla a Guangzhou yamma ce da ɗan karkata arewa, kar ka je ka kalli gabas don sabo da gida.

DanMaradi77:
Ni ban yarda da wannan lissafin na Doha ba. Eh a takarda ta fi kusa amma lokacin da jirgin Qatar ya fara zuwa Kano a 2022 ai ta Abuja yake bi, kenan akwai wata sauka a tsakani, wannan ba ƙarin tafiya ba ne? Injiniya ka saka wannan a lissafinka?

Injiniya_Bash:
Gaskiyarka ɗan'uwa, lambobin da na kawo na layi ne tsakanin filin jirgi da filin jirgi, duk wata tsayawa a tsakani ƙari ce. Kano zuwa Abuja bai kai kilomita 400 ba amma sauka da ɗiban fasinja da sake tashi yana cin lokaci fiye da yadda nisan ya nuna. Shi ya sa ya kamata Sadiq ya sa a turo masa cikakken jadawalin tikitin ya karanta da idonsa.

Alhaji_Mai_Atamfa:
To kun ga abin da nake faɗa tun farko. Mu da muka tsufa a hanyar nan ba mu taɓa tambayar kilomita ba. Akwai tafiyar da na yi aka ce jiran awa uku ne kawai, jirginmu ya makara daga nan gida, muna sauka na gaba ya riga ya ɗaga, sai washegari da dare aka samo mana wani. Ni da wani dattijo daga Kantin Kwari muka kwana kan kujerun ƙarfe, sanyi kamar me, shi ko rigar sanyi bai ɗauko ba sai wata 'yar shara, da sallaya ya lulluɓe ƙafafunsa har gari ya waye. Tun daga ranar ba na karɓar tikitin da jiransa ya gaza awa huɗu, gara in zauna in gaji da in yi tsere a filin jirgin da ban san lungunansa ba. Kuma kai sabon shiga ne, nemo ƙofar da za ka shiga jirgi na biyu kaɗai aiki ne.

Zee_Fagge:
Alhaji Allah ya ƙara girma, maganar sanyi gaskiya ce musamman in ta Addis ne. Garin a kan tudu yake, ya haura mita 2,300 daga teku, da dare sai ka rantse ba a Afirka kake ba. Sadiq ka sa rigar sanyi a jakar hannu ba a babbar jaka ba.

Abban_Khalifa:
Ni abin da ya fi rikita ni a tafiyar Chana agogo ne. Suna gabanmu da awa 7. Za ka ga a tikiti an rubuta tashi ƙarfe kaza sauka ƙarfe kaza washegari, in ka lissafa kai tsaye sai ka ga kamar awa 27, alhali kowane lokaci da aka rubuta na garin da abin ya faru ne. Sai ka cire 7 a tafiya, ka ƙara 7 a dawowa. Wataƙila ma awa 20 ɗin da aka faɗa maka har da wannan a ciki, ka tambaya da kyau.

Sadiq_Kwari:
Na gode Abban Khalifa, na duba takardar da ya turo, ya riga ya cire bambancin agogo. Ta Addis jimla awa 21 da wani abu, a sama kamar 15, saura jira ne.

Kyaftin_Jr:
Bari in ɗan sa baki, ni ɗalibi ne a fannin tuƙin jirgi, ban zama kyaftin ba tukuna sunan dai fata ne. Abin da Injiniya ya kawo shi ne nisa mafi gajarta amma jirgi ba kasafai yake bin wannan layin daidai ba. A sama ma akwai hanyoyi da aka tsara, kuma kowace ƙasa ita ke da iko da sararin samaniyarta, sai ta ba da izini ake ratsawa kuma ana biyan kuɗi. In ana yaƙi a wuri dole a kewaye. Misalin da ya shafe mu shi ne Sudan, tunda yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 aka rufe samaniyarta, duk jirgin da zai yi gabas daga Najeriya ko Nijar ko Chadi sai ya zagaya, alhali layin Kano zuwa Jidda ta kan Sudan ya ratsa. Kano zuwa Jidda kilomita 3,400 ne da ɗan kai, tafiyar da ba ta wuce awa 5 ba a da, amma alhazan 2023 sun ga yadda ta ƙaru.

Sai kuma iska. Can sama akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, in tana bayanka ta tura ka in tana gabanka ta riƙe ka. Shi ya sa New York zuwa Landan ya fi Landan zuwa New York sauri da kusan awa guda duk da nisan ɗaya ne. A watan Fabrairun 2020 ma wani jirgin British Airways ya yi New York zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56 saboda guguwar da ta turo shi. To ka ga kilomita ba ta canjawa amma awanni suna canjawa.

Hajiya_Turai_Kaduna:
Kyaftin Allah ya cika maka burinka. Ina cikin alhazan shekarar, da muka tambayi ma'aikaciyar jirgin me ya sa har yanzu ba mu sauka ba ta ce kewaye muke yi. Tsofaffin da ke kusa da ni ƙafafunsu duk sun kumbura.

Bakatsine_Asali:
Ba mu kaɗai ba ne. Tun da Rasha ta rufe wa jiragen Turai samaniyarta a 2022, jirgin Finnair daga Helsinki zuwa Tokyo da yake yin awa 9 da rabi ya koma wajen 13, har ta saman ƙarshen duniya na arewa yake bi wani lokacin. Haka ma da Nijar ta rufe nata bayan juyin mulkin 2023, masu zuwa Turai daga Legas da Abuja sun ji a jikinsu.

DanMaradi77:
Bakatsine a bar maganar siyasa a nan don Allah, rufe iyakar da aka yi mana mu ma mun ji a jikinmu. Mu koma kan tambayar yaro.

Bakatsine_Asali:
Ba siyasa na kawo ba ɗan'uwa, misali ne kawai na yadda hanya ke tsawo. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.

Mamman_Zongo_Accra:
Salam 'yan'uwa, daga Nima nake bibiyarku. Ku Kano ma kun ji daɗi, mu daga Accra layin ya haura kilomita 12,000, Legas ma wajen 11,700 ne. Abin da nake so in ce, akwai waɗanda suke saukowa Legas daga arewa don su hau jirgin Chana saboda tikiti ya fi araha, su sani baya suka koma da fiye da kilomita 800 sannan jirgin ya sake ɗauko su ya wuce da su gabas. In rangwamen ba mai yawa ba ne bai kai wahalar ba.

Zee_Fagge:
To wannan shi ne abin da ban gane ba har yau. In Kano ta fi kusa me ya sa wani lokacin tikiti daga Legas ya fi sauƙi?

Abban_Khalifa:
Don ba da ma'aunin kilomita ake sa kuɗin tikiti ba Hajiya. Kasuwa ce. Legas kamfanoni sun yi yawa suna gasa, Kano kaɗan ne ke zuwa. Sannan lokaci, in bajekolin Canton, wato babban bajekolin da ake yi a Guangzhou, ya zo a Afrilu da Oktoba kowa Guangzhou ya nufa, kujera ta yi tsada, otal ya yi tsada. Sadiq in ba bajekolin za ka je ba ka kauce wa waɗannan watannin. Ka kuma kauce wa sabuwar shekararsu da ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, masana'antu da shaguna rufewa suke yi kowa ya tafi garinsu, sai ka sha tafiyar kilomita dubu goma sha ɗaya ka tarar da ƙofa a garƙame.

Alhaji_Mai_Atamfa:
Wannan ita ce magana. Allah ya yi maka albarka.

Yusuf_Gadarif:
Ina karanta ku daga Sudan, ko da yake yanzu ba a gida nake ba saboda halin da ake ciki. Da Kyaftin ya ce Kano zuwa Jidda awa 5 sai na tuna kakanninmu. Wannan hanyar da ƙafa da jakuna suka biyo ta, ta Borno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya a Sawakin, wasu shekaru suke yi suna tsayawa su yi noma su tara guzuri su ƙara gaba, da yawa ba su koma ba, mu ne jikokinsu. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu ma mutanen da suka yi hijira bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 ne suka kafa shi. Ku sa mu a addu'a.

Ummu_Hanan:
Allah ya kawo muku ƙarshen wannan fitina Malam Yusuf, ya mayar da ku gidajenku lafiya.

Malam_Habu_Zariya:
Amin ya Rabbi. Kuma abin sha'awa jiragen farko da suka sauka a Kano a 1925 ta wannan ɓangaren suka zo, na sojan saman Ingila ne guda uku, daga Masar suka taso suka biyo ta Sudan suna yada zango. Daga baya Kano ta zama wurin shan mai na jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka don a lokacin ba sa iya dogon zango a tashi ɗaya. Da jirage suka ƙara ƙarfi sai suka daina buƙatar tsayawa, suna wuce mu ta sama.

Shamsu_Farm_Centre:
Tunda ana maganar dogon zango, wai wace tafiya ce ta fi kowacce tsawo a duniya ba tare da sauka ba? Wani abokina ya ce Dubai zuwa Amurka.

Kyaftin_Jr:
A'a ba ita ba ce. Singafo zuwa New York ce, filin JFK, kilomita 15,300 da 'yan kai, awa 18 zuwa 19 a sama ba sauka. Kamfanin Singapore Airlines ke yi da wani samfurin Airbus A350 da aka ƙara wa ƙarfin ɗaukar mai, kuma kujerunsa 161 ne kacal, babu ƙaramin aji a ciki, an rage mutane don nauyi ya ragu. Kamfanin Qantas na Ostareliya yana shirin Sidni zuwa Landan kai tsaye, wannan wajen 17,000 ne. Kuma duk duniya babu wurare biyu da nisansu ya wuce kusan kilomita 20,000 tunda kewayenta gaba ɗaya 40,000 ne, in ka wuce rabi ka fara dawowa ta ɗaya gefen.

Shamsu_Farm_Centre:
Awa 19 a zaune! To kenan Kano zuwa Guangzhou kai tsaye ba abin da zai gagari jirgi ba ne?

Kyaftin_Jr:
Ko kaɗan. Boeing 787 ko 777 ko A350 duk za su yi shi cikin sauƙi. Matsalar fasinja ce, sai kamfani ya tabbatar zai riƙa cika kujera wajen 300 zuwa da dawowa duk mako. Shi ya sa suke tara mutanen Kano da Yamai da Njamena da Accra da Duwala a wuri ɗaya kamar Addis sannan su zuba su a babban jirgi guda.

Alhaji_Mai_Atamfa:
Da gwamnati da 'yan kasuwarmu za su haɗa kai wallahi Kano kaɗai za ta cika jirgi, ku je Kwari da Singa da Wambai da Farm Centre ku ƙirga masu zuwa Chana da Dubai. Ga na Maraɗi da Damagaram da suke shigowa. Abin yana ci min rai.

Abban_Khalifa:
Alhaji da wuya fa, yanzu da yawa sun daina zuwa da kansu, ta waya suke oda wakili ya loda musu a kwantena. Tsadar dala ta rage matafiya sosai.

Alhaji_Mai_Atamfa:
Wanda bai taɓa yadi da hannunsa ba ai bai sayi yadi ba, hoto yana ƙarya. Amma na ji maganarka.

Nafisa_Lissafi:
Ƙaramin gyara ga masu dubawa a intanet, ku lura da ma'aunin da shafin ya yi amfani da shi. Wani zai nuna maka 6,800 wani 5,900 wani 10,900 duk na tafiya ɗaya, sai ka ɗauka wani ya yi ƙarya. Na farko mil ne irin na mota, kilomita 1.609 kenan, na biyu mil ɗin jiragen sama da na ruwa ne, shi kuma 1.852, na uku kilomita.

Sadiq_Kwari:
Wallahi na ga 6,800 ɗin nan a wani wuri har na yi murna na ce ashe ba nisa. Na gode Anti Nafisa. Malam Habu tambaya ta ƙarshe, sallah fa? In mun tashi da rana muna yin gabas ai lokutan za su riƙa shigowa da sauri.

Malam_Habu_Zariya:
Za su shigo da sauri ƙwarai, rana za ta faɗi da wuri kuma asuba ta riske ku da wuri, don kuna tarar rana ne. A dawowa kuma yinin ya yi tsawo. Lokacin inda jirgin yake shi ne naka, ba agogon Kano ba ba na Chana ba, ka riƙa duba taga da allon kujera. Ƙasaru kam ta halatta tun tuni, tafiyar da malamanmu suka ƙayyade mil 48 ce, wajen kilomita 80, kai kuma kana maganar dubbai. Game da haɗa salloli da yadda za ka yi a kujera in babu wurin tsayuwa ka zauna da malamin unguwarku kafin ka tafi ya yi maka dalla-dalla, ya fi a rubuce a nan. Ka yi alwala kafin ka shiga, kuma filayen Addis da Alƙahira da Doha duk akwai wurin sallah.

DanMaradi77:
Har yanzu dai ba a ba yaron nan amsa ba, wacce zai bi? Ni Addis na sani kuma ita zan ce, za ka samu 'yan'uwa Hausawa a jirgin da za su nuna maka hanya har Xiaobei, unguwar da 'yan Afirka suke taruwa a Guangzhou.

Injiniya_Bash:
In kilomita ce Doha, in kuma jimlar awanni ce sai an ga jadawalin ranar da zai tashi, yana canjawa.

Hajiya_Turai_Kaduna:
Ni kuwa cewa zan yi ya duba kilo nawa kowanne ke bari a ɗauka a dawowa, ɗan kasuwa ne, samfurin kaya kaɗai zai cika jaka.

Sadiq_Kwari:
Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci. Na tura wa mai tikitin ya kawo min jadawalin Alƙahira da na Doha in haɗa da na Addis in kai wa maigida gobe. Alhaji Mai Atamfa in ba damuwa zan yi maka magana ta gefe kan masauki.

Zee_Fagge:
Ka tambaye shi kuma ko jakarka za ta wuce kai tsaye har Guangzhou ko sai ka karɓe ta a inda za ku sauya, wannan ma yana cin lokaci.